Tambayoyin Fasaha: Hoton Ƙwari Da Furanni A Bayan Gida

Tambaya: Malam, ina sha'awar ɗaukar hoton tururuwa da furen kuɓewa a bayan gidanmu, amma da na zuƙo da yatsu sai hoton ya yi dishi-dishi. Kyamarar wayata mai megafiksel 50 ce, wato ɗigon hoto miliyan 50. In sayar in sayi mai 108? Daga wani ɗalibi a Samaru.

Amsa: Ɗan uwa, riƙe kuɗinka ka ci abinci da su. Wannan zuƙowa da yatsu ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kusan kowane mako sai an aiko mini da irin wannan kuka. A yawancin wayoyinmu, in ka buɗa yatsu a kan fuskar waya, gilashin kyamara ko motsi bai yi ba. Tsakiyar hoton kawai wayar ta yanko ta miƙar da shi, kamar a ba ka hoton fasfo a ce ka mayar da shi allon talla na bakin Kwangila. Ko mai 108 ka saya, in da wannan ɗabi'ar ka je mata, haka za ka dawo kana neman mai 200.

Matsawa za ka yi kusa, amma kowace kyamara da iyakarta. Babbar kyamarar baya kan daina gani sosai in abu ya matso ƙasa da kamar santimita 8 zuwa 10. Ɗauki takardar naira, ka riƙa matsowa har rubutun ya dushe, sannan ka ja baya kaɗan. To nan ne wurinka. Ka kunna yanayin megafiksel 50 ɗin da kanka, domin wayar kan haɗe ɗigo huɗu su zama ɗaya, ta ba ka wajen 12 kawai. Ka ɗauka a haka, daga baya ka yanke. Ita kuwa 'yar kyamarar makro (ta ɗaukar abu kusa-kusa) mai megafiksel 2 da ake liƙa wa wasu Tecno da Infinix da Redmi, a tazarar santimita 4 aka kafe ta, kuma sau da yawa abin da ka yanko daga babbar ya fi nata kyau. Masu iPhone 13 Pro ta 2021 da manyan da suka biyo ta, tasu na gani har santimita 2.

Sai rawar hannu. A wannan kusancin, abin da ke fitowa tas bai wuce 'yan milimita ba, numfashinka ma ya isa ya ɓata aikin. Jingina wayar da bulo ko turmi, danna ka riƙe a kan idon ƙwaron har fokas ya kulle, ka sa taima ta daƙiƙa 3. Ba na ɗaukar hoton kusa ba taima, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi.

Lokacin ma ka gyara. Ka fita bayan sallar Asuba da gari ya yi haske: sanyi ya sa fara da ƙoƙi-ƙoƙi sun yi laƙwas, raɓa na kan yanar gizo-gizo, iska ba ta taso ba. Furen kuɓewa da safe yake buɗewa, ruwan ɗorawa da jan ciki, kafin yamma ya yanƙwane. Filasha kuwa, kashe ta.

Tambaya: Hotunan furen zogalena suna fitowa kamar ana hazo. Daga wata uwargida a Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, hazon yana kan gilashin kyamarar, maiƙon girki ne da ƙura. Ki hure ƙurar tukuna, sannan ki goge da ƙyallen tabarau. Ban da bakin zani, musamman da hunturu, yana karce gilashi.

Tambaya: Na ga ana ɗiga ruwa a kan kyamara don ta ƙara girman abu. Gaskiya ne? Daga wani matashi a Sabon Gari.

Amsa: Gaskiya ne, ɗigon ruwa na ƙara girma. Ranar da ya sulale ciki kuma, kai da mai gyara ne. Tambayi masu kayan waya a unguwar PZ ta Zariya gilashin makro da ake maƙalawa.

Tambaya: In na tura wa abokaina ta WhatsApp sai gashin ƙudan zuman ya ɓace. Daga wani malami a Kongo.

Amsa: Matse hoton yake yi. Danna HD, tun 2023 aka saka shi, ko ka tura a matsayin fayil.

Tambaya: Yaya zan san sunan ƙwaron da na ɗauka? Daga wata ɗaliba a Zariya cikin gari.

Amsa: Manhajar Google Lens za ta ba ki hasashe, amma takan yi kuskure. Na fi son manhajar iNaturalist, inda masana ke duba hoton su gyara sunan. Ɗauki bayan ƙwaron da gefensa, ba fuska kaɗai ba. In sheƙar rina ce ko kunama, tsaya nesa, a nan kam na yafe miki zuƙowa da yatsu.