Amsa ga mai son ratsa hamadar Tenere da mota ɗaya

Ɗan'uwa, na ga tambayarka: kana da Hilux mai lafiya da GPS, kana son ku tashi daga Agadas zuwa Bilma kai da abokinka kawai, ko zai yiwu? Na daɗe ina bin hanyar nan wajen saro gishiri da dabino, kuma amsata ita ce a'a. Mota ɗaya ba ta shiga Tenere, komai sabuntarta.

Tafiyar ta haura kilomita 500. Da zarar ka bar gefen duwatsun Ayar ka wuce wurin Bishiyar Tenere, babu sauran gari sai Fashi. Ita ma bishiyar, wani direban babbar mota ya kaɗe ta tun 1973, gungumenta yana gidan tarihi a Yamai, ta ƙarfe aka kafa a gurbinta. Idan kuloci ya ƙone ko lagireto ya fashe a tsakanin nan, wa zai ja ka? A watan Oktoba na 2013 gawa 92 aka tsinta a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ruwa ya ƙare. Ba Tenere ba ce can, amma ƙishirwar ɗaya ce.

Shi kuwa GPS, inda kake zai nuna maka, ba inda rairayi zai haɗiye tayarka ba. Tuddan rairayin da ke tsakanin Fashi da Bilma a jere suke dogo-dogo, ana bin kwarin da ke tsakaninsu ne, kuma iska tana shafe sawu cikin dare ɗaya. Jagora Buzu ko Batube yana duban launin ƙasa ya ce a kauce dama, kai ba ka ga komai ba. Kada ka yi masa gardama, kuma kada ka yi ciniki mai tsanani a kan kuɗinsa. Kakanninsa ne madugan ayarin raƙuman da ke kai gero Bilma su ɗauko kantu, har gobe ana wannan fatauci.

A rairayi mai laushi mota tana shan mai kusan ninki biyu, saboda haka lissafin kwalta ba zai yi maka aiki ba. Rage iskar taya kafin ka shiga, ka riƙe fanfon da za ka mayar da ita. Shebur, farantan ƙarfe na sa wa ƙarƙashin taya in an kafe, safaya biyu, wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan'adam. Ruwa kuma a rarraba shi jarka-jarka, kada a zuba a tanki ɗaya. A tashi da asuba lokacin da ƙasa ke da tauri, rana ta take a tsaya. In mota ta mutu, ku zauna a inuwarta, kada wanda ya ce zai taka neman taimako.

Lokaci mafi kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma ka zo da bargo mai kauri, sanyin dare can ba wasa.

Sannan ga 'yan fashi. Shi ya sa yawancin direbobi ke jiran ayarin da sojoji ke raka wa zuwa Dirku, daga nan su gangara Bilma, don ba nisa. In ka isa Agadas, fara zuwa tasha ka tambayi ranar tashinsa da takardun da ake nema a shingaye, tunda dokokin suna yawan sauyawa.