Ke mai tambayar markaɗen tuffa, ni ma na sha wannan wahalar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun daren jiya na ga tambayar 'yar uwarmu, na karanta ta har sau uku, na ajiye waya amma raina bai bar wajen ba. Ta ce ta dafa tuffa don ta markaɗa wa mahaifiyarta da ba ta iya tauna abinci, sai abin ya fito tsululu, launinsa ya koma ƙasa-ƙasa, ga ƙauri, bayan kwana uku kuma ya yi tsami. Tana tambaya ko tuffar ce ba ta da kyau. 'Yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Duk abin da kika lissafa ya same ni, babu wanda ya tsallake ni, shi ya sa na kasa wucewa.

Da wuya a ce laifin tuffar ne. Ina da yaƙinin ruwa kika cika, domin kuskuren da na fara yi ke nan. Ita tuffa kusan kashi 85 cikin 100 nata ruwa ne, da ta ji wuta za ta saki nata. Tuffa takwas matsakaita, wajen kilo ɗaya da rabi, rabin kofin ruwa ya ishe su. Za ki leƙa tukunya ki ga kamar babu komai a ƙasa, zuciyarki ta ce ki ƙara. Kada ki ƙara. Ki rufe, ki rage wuta sosai, ki riƙa juyawa bayan kowane minti biyar, cikin minti 20 zuwa 25 za ki ga ta yi luguf, cokali ma yana dagargaza ta. Idan har ta yi miki ruwa, ba ta lalace ba, buɗe murfin ki bar ta a ƙaramar wuta tana turiri har ta yi kauri.

Ni nawa, Babanmu ne. Lokacin da aka sallamo shi daga asibiti ba ya iya haɗiye komai mai tauri, likita ya ce a riƙa ba shi abu mai laushi kaɗan-kaɗan. Da bakinsa ya ce tuffa yake marmari, alhali ya kwana biyu bai nemi komai ba. Na tashi jikina har rawa yake don murna. Na fere tuffa goma, na yanka na bar su a faranti kusan awa guda saboda an kira ni in taimaka a gyara masa shimfiɗa. Na dawo na tarar sun yi duhu. Na zuba a tukunyar alminiyam, na cika ruwa har ya rufe su, na antaya sukari tun farko, na ƙure wuta don in yi sauri. Aka sake kirana. Kafin in dawo ruwan ya ƙone, ƙasa ta kama, ni kuma don kada in yi asara na sa cokali na kankare har ƙanzon na haɗa da sauran.

Na ɗauko kwanon na shiga ɗaki, ɗakin cike da masu dubiya. Matar yayana ta miƙo hannu ta karɓa, ta shinshina, ta ɗanɗana a gaban kowa, ta ce wai ƙarasa shi nake so in yi? Ta fita da kwanon ta zubar. Wallahi ba zubarwar ce ta fi ci mini rai ba, domin abin bai yi kyau ba, na sani. Abin da har yau yake tsaye a wuyana shi ne Baba yana kwance yana bin kwanon da ido, ya ɗan buɗe baki yana jira. Babu wanda ya ce mata uffan. Ita da ba ta kwana ko dare ɗaya a asibiti ba, ba ta taɓa wanke masa ko tsumma ba, ranar ma da yamma ta zo ta zauna a kujera tana danna waya. Da ta ja ni gefe ta ce ƙanwata, wannan ya ƙone, zo mu sake wani, da har gobe ina yi mata addu'a. Na koma kicin na zauna a ƙasa na yi kuka har kaina ya yi ciwo. An shekara huɗu yanzu, muna gaisawa, na ce na yafe, amma duk ranar da na ji ƙaurin tukunya sai maganar nan ta dawo mini sabuwa fil.

To ki ji inda duhun yake fitowa. A cikin tsokar tuffa akwai wani sinadari da yake haɗuwa da iska da zarar an yanka, shi yake mayar da ita ruwan ƙasa. Tsami yana rage masa ƙarfi, zafi kuma yana kashe shi. Don haka ki ajiye kwanon ruwa kusa da ke, ki matse lemon tsami a ciki, duk wadda kika yanka ki jefa ta nan take, kina gamawa ki tsame ki ɗora a wuta, kada ki je ko'ina. Ki ƙara cokali ɗaya na ruwan lemon a tukunyar. Ita ma tukunyar ki duba ta: tsamin tuffa yana cin alminiyam da baƙin ƙarfe, sai launin ya dusashe, ki ji ɗanɗanon ƙarfe a harshe. Ki samu ta sitenles, wato ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, mai kaurin gindi.

Sukari kuwa sai an sauke, bayan kin ɗanɗana. Shi ne yake saurin kamawa a ƙasa ya ƙone. Idan kuma ta riga ta kama, don Allah kada ki kankare kamar yadda na yi. Juye na saman a wata tukunyar a hankali, ki bar na ƙasan, ki ɗanɗana ki ji ko ƙaurin bai shiga ba.

Yawanci ma ni ba na sa sukari yanzu, haɗa iri biyu nake yi. Koriyar nan mai tsami da ake kira Granny Smith, idan ita kaɗai ce mara lafiya zai yamutsa fuska, amma ki sa biyu ko uku cikin masu zaƙi irin Gala ko Fuji ko Golden Delicious, za ki ji daɗin ya daidaita. Jar nan mai duhu mai ƙyalli, Red Delicious, kyau ne da ita a ido, amma in an dafa salam take, na daina ɓata lokacina a kanta. Idan Mama tana da ciwon sukari, ki bar sukari da zuma gaba ɗaya, ki kuma tambayi likitanta yawan da za ta ci. Ɗan garin kirfa a bakin cokali yana ƙara ƙamshi, sai dai ki sani shi ma yana sa launi ya yi duhu, ba lalacewa ba ce.

Ki cire tsakiyar da 'ya'yan duka. Wadda ta ɗan bugu za ki iya yanke wajen, amma wadda ta ruɓe ko ta yi funfuna ki jefar da ita ɗungurungum. Funfunar tuffa tana fitar da wata guba da ake kira fatulin, dafuwa ba ta kawar da ita, mara lafiya kuma jikinsa ba ya ɗaukar kasada.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma ba zan yi shiru ba. Idan matsalar Mama ta kai ga haɗiya, ba tauna kaɗai ba, ki kula sosai, domin abu mai ruwa-ruwa ya fi saurin sarƙe su fiye da mai ɗan kauri. Ki zaunar da ita sosai kafin ki ba ta, ƙaramin cokali, kada ki yi gaggawa. Na ga masu niƙa ƙwayar magani su cakuɗa a ciki. Kada ki yi sai kin tambayi likita ko mai ba da magani, akwai ƙwayoyin da aka yi su don su narke a hankali a ciki, niƙa su haɗari ne. Masu jarirai da ke karantawa, ku ma za ku iya ba su daga wata 6, amma ban da zuma sai sun cika shekara ɗaya.

Ke ma ki riƙa cin abinci. Mai jinya mantawa ake yi da ita, kowa ya zo mara lafiya zai tambaya, wasu ma gyara kawai suke zuwa yi miki. Na rame a lokacin nan har kayana suka yi mini yawa, ba wanda ya lura sai Baba da yake kwance.

Na kusa mantawa da tsamin da kika ce markaɗen ya yi bayan kwana uku. Ko dai ya daɗe a waje, ko ana mayar da cokalin da ya shiga baki a cikin mazubin. Kada ya wuce awa biyu a waje bayan kin sauke. Ki zuba a kwalba mai tsabta mai murfi ki sa a firij, ki riƙa ɗiban na ci ɗaya a wani kwano daban, zai kai miki mako guda. Wanda ya fi haka ki zuba a farantin ƙanƙara ki sa a firiza, kullum ki ciro biyu ko uku ki ɗumama, yana yin watanni. In wutar firij ba ta tsaya miki, ki dafa tuffa biyu kawai, na yini ɗaya. In za ki sa a bilenda kuma ki bari ya huce tukuna, turirin yana cilla murfi, ya taɓa ƙona mini hannu.

Sai da na yi kwana biyar kafin in iya sake ɗora tukunyar, da asuba, ba kowa a kicin. Ta fito fara tas mai ɗan ruwan ɗorawa. Baba ya ci cokali bakwai, ina ƙirgawa, ya ce in ajiye masa sauran. Ki sake gwadawa yau 'yar uwa, ki dawo ki faɗa mana wace irin tuffa kika samu da irin tukunyar da kike da ita, in wani abu ya sake cijewa ina nan.