Zuwa asibiti rashin bangaskiya ne?

'Yar'uwa, kin ce wata a zumuntar mata ta gaya miki cewa shan maganin hawan jini bayan an yi miki addu'a nuna shakka ne ga ikon Allah. Ni dai ban yarda da ita ba.

Luka da ya rubuta Bishara da Ayyukan Manzanni likita ne, Bulus ma ya kira shi ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14. Da Timoti ya yi fama da ciwon ciki, Bulus bai tsawata masa ba, shawarar abin da zai sha ya ba shi. A nan arewa kuwa, bishara da magani tare suka shigo. Mishan na ƙungiyar SUM (Sudan United Mission) suka buɗe asibitin Vom kusa da Jos a 1922, na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka kafa asibitin Galmi a Nijar a 1950, har gobe mutane daga Najeriya suna ƙetarawa can neman lafiya. Waɗanda suka gina su masu addu'a ne, amma allura da ɗakin tiyata suka tanada. Kakanninmu da yawa a layin karɓar magani suka fara jin Linjila.

Hawan jini ba ya ihu, a ɓoye yake cin jijiyoyi da ƙoda, har ranar da mutum zai faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Ki ci gaba da shan ƙwayoyinki, ki riƙa zuwa awon jini, ki kuma roƙi fasto ya yi magana a kan wannan ranar Lahadi, don na san ba ke kaɗai aka gaya wa haka ba.