Amsa: Injin 5.3 yana tashi ya mutu bayan daƙiƙa biyu

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗora injin lita 5.3 na Chevrolet Silverado 2002 da giyarsa ta otomatik 4L60E a wata motar, yana tashi ya mutu nan take. Kada ka taɓa famfon mai tukuna. Tsarin hana sata ne na GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, wato Passlock, wanda masu gyara ke kira VATS. Ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutarsa, tana jiran saƙo daga kwamfutar jikin tsohuwar motar, da ba ta ji shi ba sai ta yanke wa injekta mai.

Na taɓa kwana uku a kan wannan matsalar, hannu duk baƙin mai, mitar gwajin lantarki a kan kowace waya, ashe wayoyin lafiya lau suke. Nemi mai HP Tuners ko EFILive (manhajojin gyara saitin ƙwaƙwalwar injin) ya kashe VATS a cikin ƙwaƙwalwar. Tun da ya buɗe ta, ya cire lambobin kuskure na sensar iskar shaye-shaye ta baya da na EVAP (tsarin tara tururin fetur) idan ba ka haɗa su ba.

Abin da ya fi damuna shi ne giyar. A saka girman tayarka da lissafin difaranshal daidai a cikin ƙwaƙwalwar, in ba haka ba za ta riƙa canja giya ba a kan lokaci ba, har ta ƙone kulocinta. Ka ajiye asalin fayil ɗin saitin ƙwaƙwalwar kafin a rubuta komai a kanta.