Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Jamus kan hotunan da aka goge masa

Assalamu alaikum ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da su Baba da sauran mutanen gida, na ga saƙonka, kuma na yi farin ciki da jin cewa maganar gurbin karatunka na digiri na biyu a nan Jamus tana tafiya daidai. Allah ya tabbatar da alheri. Ka ce an goge hotunan 'yan wasan Kannywood da ka kwaso daga Facebook ka ɗora a Wikimedia Commons, wato rumbun hotunan da shafukan Wikipedia ke ɗauka daga ciki, domin maƙalolin da kake rubutawa a Wikipedia ta Hausa, alhali ka bayyana cewa don ilimi ka yi, kuma kana tambaya ko za ka samu sassauci idan ka iso Turai, tunda ka ji cewa a ƙasashen waje doka ta halatta amfani da hoton wani matuƙar an yi shi bisa adalci.

Abin da ka ji yana da tushe, sai dai tushensa a Amurka yake. Sashe na 107 na dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ne ya tanadi wannan ƙa'ida, kuma alƙali ne ke auna ta idan an je gabansa, ya duba manufar amfanin, da irin aikin da aka ɗauka, da yawan abin da aka ɗiba, da kuma ko an taɓa kasuwar mai aikin. Wikipedia ta Turanci tana jingina da ita a wurare ƙalilan, kamar tambarin kamfani ko bangon littafi, cikin sharuɗɗa masu tsauri, kuma ko a can ba kasafai ake karɓar hoton mutumin da ke raye ta wannan hanya ba, domin ana ganin wani zai iya zuwa ya ɗauki nasa ya bayar kyauta. Commons kuwa ba ta karɓar irin waɗannan hotuna ko kaɗan, haka ma Wikipedia ta Jamusanci.

Ina son ka fahimci dalilin, domin a ganina dalili ne mai kyau. Alƙawarin da Commons ta yi wa duniya shi ne duk abin da ke cikinta kowa na iya ɗauka, ya gyara shi, har ya sayar. Idan wani maɗaba'i a Zariya ya ga hoto a can ya saka shi a littafin makaranta da zai kai kasuwa, bai kamata gobe ya wayi gari da sammaci ba. Shi ya sa cewa "don ilimi kawai" ba ta wadatar, kuma lasisin da ya hana kasuwanci ko ya hana gyara ba ya shiga. Waɗanda ake karɓa su ne lasisin Creative Commons irin su CC BY da CC BY-SA, inda sharaɗin shi ne a ambaci sunan mai hoton, na biyun kuma ya ƙara da cewa duk wanda ya gyara hoton ya saki nasa a kan lasisi iri ɗaya. Ka kuma lura cewa haƙƙin hoto galibi na wanda ya ɗauke shi ne, don haka ko jarumin da kansa ya ce maka ya yarda, sai an nemo mai kyamarar ya aika da izininsa a rubuce ga 'yan sa-kai masu tantance irin waɗannan wasiƙu. Ka gaya masa gaskiya tun farko cewa idan ya bayar ba ya iya janyewa.

Game da sassaucin da kake fata, ka cire shi daga ranka, domin a nan lamarin ya fi na gida tsanani. Dokar Jamus ta jera wuraren da ta yi rangwame ne ɗaya bayan ɗaya, kamar kawo hoto a matsayin hujja cikin kundin bincikenka tare da faɗin inda ka samo shi, kuma haƙƙin mai aiki yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Sanannen abu ne a nan mutum ya saka hoton wani a shafinsa ba da izini ba, sai ya samu wasiƙar lauya ana neman diyya da kuɗin aikin lauyan, abin da zai iya girgiza ɗalibin da ke lallaɓa ɗan guzurinsa.

Akwai dai inda Jamus ta buɗe ƙofa. Sashe na 59 na dokarta ya ba ka damar ɗaukar gini ko mutum-mutumin da ke tsaye dindindin a bainar jama'a, muddin daga kan titi ko dandali ka ɗauka, kuma kana iya ɗora shi a Commons. Wannan bai haɗa da cikin gini ba, kuma a 2024 babbar kotun tarayya ta yanke cewa bai haɗa da hoton da aka ɗauka da jirgi marar matuƙi ba. Gidajen tarihi ma suna da nasu sharuɗɗan, domin a 2018 wannan kotu ta ba wani gidan tarihi na birnin Mannheim gaskiya a kan wanda ya ɗauki hotuna a ciki bayan an hana, ya ɗora su a Commons. Idan ka tsallaka Faransa kuma dokar ta canza: rangwamen da suka yi a 2016 bai shafi kasuwanci ba, saboda haka hotunan gine-ginensu na zamani ba sa samun shiga. Fuskokin mutane ma akwai doka a kansu a Jamus tun 1907, wadda ta hana yaɗa hoton mutum ba da yardarsa ba sai a wasu 'yan wurare.

Shawarar da ta fi damuna ita ce ta watannin da suka rage maka a gida. Ƙofar Brandenburg ta birnin Berlin tana da hotuna a Commons fiye da yadda kowa zai buƙata, amma abin da kake wucewa kullum a Kano, irin su marinar Ƙofar Mata, da lungunan Kasuwar Kurmi, da ragowar badala wadda ke zaizayewa kowace damina, da maƙera da dukawa a bakin aikinsu, shi ne abin da maƙalolinmu ke nema, kuma da ka hau jirgi ya yi maka nisa. Ka ɗauka da wayarka, ka nemi yardar masu sana'ar kafin ka ɗaga ta, ka rubuta sunan wurin da ranar da bayani da Hausa, sannan ka adana ainihin hoton yadda ya fito daga wayar, domin wanda ya bi ta WhatsApp yakan rasa bayanan da ke nuna kai ne ka ɗauka, kuma da su za ka kare kanka idan wani ya yi shakka. Ka gaishe mini da Umma, kuma ka sanar da ni da zarar an sa maka ranar zuwa ofishin jakadanci.