Fatawa: kuka, tambayar likita gaskiya, da barin magani mai tsanani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina fama da sankarar mama, yanzu likita ya ce ta kai ƙashi da hanta. Mijina da yayata ba sa so a gaya mini komai, sun ce in dogara ga Allah. Ni kuwa ina so in sani, kuma kuka nake yi kullum da dare. Shin kukana rashin haƙuri ne? Ya halatta in tambayi likita abin da ke gabana? In kemo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin sankara, ya fi ƙarfina, barinsa kashe kai ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Kukanki bai taɓa haƙurinki ba. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Annabi Yaƙub ya yi ta baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce wa Allah kaɗai yake kai kukansa (Yusuf: 86). Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah. Faɗin "ina jin ciwo" ko "ina jin tsoro" ba ya cikin haka, don Nana A'isha ta ce wayyo kaina a gaban Annabi, bai tsawata mata ba. In baƙin cikin ya hana ki barci da cin abinci, ki gaya wa likitanki, shi ma ciwo ne da ake nemar wa magani.

Tambayar likita kuwa halas ce, jikin naki ne. Abin da zai faɗa ƙiyasi ne daga abin da aka gani ga wasu masu irin ciwon, ba sanin gaibu ba ne, ajali yana wajen Allah (Luƙman: 34). Sankarar da ta yaɗu, galibi maganinta na danne ta ne da rage raɗaɗi, kuma akwai matan da suka yi shekaru a haka. Ki rubuta tambayoyinki a takarda tun daga gida, domin mutum yana zama gaban likita sai kai ya ɗaure. Ki ce masa: wannan magani na warkarwa ne ko na dannewa? Me zai jawo mini? In na tsaya me zai faru? Ki tafi da wadda za ta riƙe miki amsa. In maganar ta yi nauyi, ki ce a dakata sai wani zama.

Ga mijinki da yayarki: na san ƙauna ce ta sa ku ɓoye, amma ba ku da ikon hana mai hankali abin da ta nema da bakinta. Wataƙila tana da bashi, ko amana, ko wanda take so su yafi juna. Hadisin Ibn Umar ya ce bai kamata Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba, kuma rubuta ta ba ya kusanto da ajali.

Sai batun kemo. Majalisar Fiƙhun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin magani yana sauyawa: yana wajaba in barinsa zai kai ga halaka, yana zama mustahabbi ko halas a wasu halaye, kuma sai da izinin majinyaci mai hankali. Malamai sun kafa hujja da matar nan mai farfaɗiya, wadda Annabi ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri, ta zaɓi haƙuri. Don haka in likitoci amintattu suka ce wahalar kemo ta fi amfaninsa, ba ki da laifi in kin bari, kuma ba kashe kai ba ne. Amma in sun ce har yanzu yana aiki, ina roƙonki kada ki yanke shawara a ranar da amai ya galabaitar da ke. Ki tambaya ko za a rage shi ko a sauya wani, sannan ki yi istihara.

Maganin raɗaɗi irin mofin halas ne bisa awon likita, kuma shansa ba ya rage lada. Abin da ya haramta shi ne neman allurar da za ta gaggauta mutuwa. In ciwo ya tsananta, ki riƙe addu'ar da Anas ya ruwaito: Ya Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce ta fi mini alheri, ka ɗauki raina in mutuwa ce ta fi. Salla kuma ki yi a zaune in tsayuwa ta gagara, ko a kwance a gefenki, kamar yadda Annabi ya umarci Imrana bn Husain.

Wallahu a'alam.