Haifaffen Sabo a Ibadan, Ɗan Wace Jiha Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A unguwar Sabo ta Ibadan aka haife ni, a nan kuma aka haifi mahaifina. Kakana ne ya zo daga ƙasar Kano da fataucin goro. Ɗana zai zana jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, amma da muka je neman takardar shaidar asali a ƙaramar hukumar da muke zaune, sai aka ce mu baƙi ne. Shin doka ta yarda da haka? Ina kuma mafita? Daga wani mahaifi a Ibadan.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba yaro sa'a. Abin da zai yi maka ɗaci shi ne, a Najeriya ba a auna asali da inda aka binne cibiyar mutum ko inda yake biyan haraji, da tushen kakanni ake auna shi, kuma kundin tsarin mulki na 1999 shi kansa baki biyu ya yi a kan lamarin. Sashe na 42 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito, amma sashe na 14(3) ya wajabta raba muƙaman gwamnati tsakanin sassan ƙasa, sashe na 147(3) kuma ya ce a naɗa minista daga kowace jiha cikin 'yan asalinta. Da yake kundin bai fayyace wane ne ɗan asali ba, sai hukunci ya koma hannun ƙananan hukumomi, kowacce da irin ma'auninta. Shi ya sa unguwar Sabo da aka kafa tun 1916 har yau ake kiran 'ya'yanta baƙi.

Ba Ibadan kaɗai ba ce. Jayayya a kan wane ne mai gari tana cikin abubuwan da suka rura rikicin Jos na 2001 da na 2008. Kuma gaskiya ɗaya ce: Inyamuri ko Bayerabe da aka haifa a Sabon Garin Kano, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da harshen iyayensa, irin amsar da aka ba ka ita yake samu a wurinmu. A ganina, duk wanda ya yi kuka da abin da ake yi wa Hausawan kudu, ya kamata ya faɗi wannan ma.

Mafita a yanzu ita ce ka bi tushen kakanka. Ka nemi dangin da suka rage a garinsu su gabatar da kai ga mai unguwa, shi ya miƙa ka ga dagaci da hakimi, domin da shaidarsu ƙaramar hukuma ta saba bayar da takardar. Ka tafi da yaron, a gan shi, a san ɗan gidan wane ne. Wannan zai iya yi masa rana, domin a jami'o'in tarayya ana ba da kashi 45 cikin ɗari na gurabe bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko, Kano kuwa tana cikinsu.

Kada ka sayi takarda a hannun 'yan kan hanya, ko da an ce maka ta fi sauƙi, domin ana tantance ta lokacin rajista, kuma jabu kan jawo a kori ɗalibi ko da ya yi nisa a karatu. Sannan ka tabbatar jihar da ƙaramar hukumar da za a cike a fom ɗin JAMB su ne ke cikin bayanan lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa (NIN), tun da sai da ita ake rajistar, kuma gyaran irin wannan saɓani daga baya yana cin kuɗi da lokaci.